Ciwon Maƙogwaron Yaro Yana Iya Kama Zuciya

A Ƙetaren Gwari ta garin Minna, kamar sauran unguwannin Arewa, idan yaro ya yi kukan maƙogwaro, akan ba shi ruwan ɗumi ne, ko a kira wanzami ya cire masa beli. Uban yana can Agege ko Sabon Ibadan wajen neman abinci, ba a ma gaya masa, don an ɗauka ƙaramin abu ne.

To, likitoci sun ce wani irin ciwon maƙogwaro da ƙwayoyin cuta ke kawowa, musamman ga yara 'yan shekara 5 zuwa 15, in ba a yi maganinsa ba, bayan mako biyu ko uku zazzaɓi yana iya biyo baya da ciwon gaɓoɓi. Daga nan cutar takan sauka a kan ƙofofin zuciya, waɗanda ke hana jini komawa baya. Ƙofa ta tsuke, ko ta ƙi rufuwa sosai.

Ɓarnar takan yi shekaru a ɓoye. Sai yarinya ta yi aure ta ɗauki ciki, ko saurayi ya kama aikin ƙarfi, sannan haki da kumburin ƙafa su bayyana. In abin ya ƙazanta, zuciya takan gaza tura jini. Hannu da ƙafa su yi sanyi, fitsari ya ɗauke, hankali ya gushe. Irin wannan majinyaci sai ɗakin kulawa ta musamman, kuma ko a can da yawa ba sa tashi.

Ana iya gyara ƙofar ko a sa wata. Tun 1974 aka fara buɗe zuciya a yi mata aiki a Nijeriya, a Asibitin Koyarwa na Inugu. Amma kuɗin aikin ya fi ƙarfin talaka. Cutar kuwa tana kashe mutum sama da 300,000 a duniya kowace shekara.

Rigakafin ba shi da tsada. Fenisilin yana kashe ƙwayoyin tun suna maƙogwaro. Yaron da ya riga ya yi zazzaɓin gaɓoɓin kuma, akan yi masa allurarsa duk bayan mako uku ko huɗu, har shekaru.

Saboda haka magidancin da ke Kudu, ran da zai aika da kuɗin cefane, ya kamata ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya. In an ce maƙogwaro ne da zazzaɓi, a kai yaron asibiti a ranar.