Yoyon baƙin mai: a gyara tun mota ba ta kwanta ba

A garuruwa da yawa na karkara mota guda ce ke ɗauke da nauyin jama'a. Ita ke kai hatsi da albasa kasuwa. Ita ke kawo taki da iri. Idan naƙuda ta yi wa mace tsanani cikin dare, ita ce ke kai ta asibiti. Galibi tsohuwar Land Rover ce ko Toyota Land Cruiser, domin su ke iya rairayi da laka a hanyoyin ƙauyukan Dakwaro, Tanut, Keita da Abalak.

Waɗannan motoci suna da ƙarfi, amma tsufa ya kan kawo musu ciwo guda: yoyon baƙin mai. Direbobi da yawa sun ɗauke shi abin banza. Sai su ce: "Ai ɗigo ne kawai." Amma da yayyafi kogi kan cika. Mu yi lissafi. Motar da ke zubar da rabin lita kowane mako, a shekara ta zubar da lita 26. Wannan ya fi ƙarfin juyen mai sau biyu, kuma kuɗin koperatib ne ko na mai mota ke shiga ƙasa.

Aikin baƙin mai a cikin inji

Cikin inji akwai ƙarafa masu juyawa da sauri, suna gugar juna. Baƙin mai ke shiga tsakaninsu don kada su ci juna. Yana rage zafi, yana kuma kwashe datti zuwa matatar mai, wato filtar. Idan man ya ƙare, ƙarafan su yi zafi, su kama juna, inji ya tsaya cak. Gyaran inji da ya ƙone yana cin kuɗi masu yawa ƙwarai. Gyaran yoyo kuwa sau da yawa ɗan zobe ne ko shimfiɗar roba.

A fara gane abin da ke zuba

Ba duk ɗigo ne baƙin mai ba. Da yamma a ajiye mota wuri mai daidai, a shimfiɗa kwali ƙarƙashinta. Da safe a duba.

Man inji baƙi ne, ko ruwan ƙasa idan sabo ne, kuma yana ɗiga a gaba, ƙarƙashin inji. Man giya ya fi kauri, yana da wari mai ƙarfi, yana ɗiga a tsakiyar mota ko kusa da tayoyi. Ruwan lagireto ba shi da maiƙo sosai. Man birki kuwa garai-garai ya ke, yana da santsi. Idan shi ne ke zuba, kada motar ta ɗauki kowa sai an gyara, domin birki na iya ƙin kamawa.

A nemo bakin yoyon

Mai yana gangarawa ƙasa, iska kuma tana kora shi baya in ana tafiya. Saboda haka inda ya ɗiga ba lalle nan ne ya fito ba. A bar inji ya huce, a wanke shi da sabulu da ruwa, ana kiyaye wayoyin wuta. Idan ya bushe, a tayar da shi minti 10 a fili, a kashe. Sai a duba da tocila daga sama zuwa ƙasa. Wurin da ya fi kowane tsawo da aka ga jiƙe, nan ne bakin yoyon. Wasu makanikai su kan barbaɗa hoda a jikin inji, sai sawun mai ya fito a fili.

Wuraren da suka fi yoyo

1. Murfin saman inji. Tsakaninsa da inji akwai shimfiɗar roba ko ta kwali, wadda makanikai ke kira juwan. Zafi ya kan busar da ita ta tsage. A cire murfin, a kankare tsohuwar sarai, a goge, a sa sabuwa. A ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, bi da bi. Wanda ya matse da ƙarfin tsiya zai lanƙwasa murfin, yoyo ya ƙaru.

2. Matatar mai. Wani lokaci zoben robar tsohuwar matata ya kan manne a jikin inji, a ɗora sabuwa a kansa. Zobe biyu ba su riƙe mai. A duba wurin kafin a sa sabuwa. A shafa ɗan mai a zoben, a ɗaure matatar da hannu.

3. Notin juyen mai. Yana ƙarƙashin kaskon mai, yana da ɗan zoben jan ƙarfe. Zoben nan ya kan mutu idan an sha ɗaure shi. A sake shi duk lokacin juyen mai. Kuɗinsa kaɗan ne.

4. Kaskon mai kansa. Dutse ko kututture na iya bugunsa a hanya ya tsage. Liƙa sabulu dabara ce ta isa gari kawai. Dole a cire kaskon, a wanke, a yi masa walda ko a sake wani.

5. Zoben roba na gaba da na bayan inji. Na gaba yana bayan gargaren da ke juya bel ɗin fanka. Na baya yana tsakanin inji da akwatin giya. Idan na baya ya lalace, mai na iya jiƙa kuloci, mota ta kasa hawan tudun rairayi. Wannan aikin babban makaniki ne, domin sai an raba inji da giya.

Akwai abu guda da ake yawan mantawa. Kowane inji yana da mashaƙa, wato ɗan bututun da ke fitar da tururi daga cikinsa. Ƙurar ƙasarmu ta kan toshe shi. Idan ya toshe, tururin ya matsa, ya tura mai waje ta kowace kafa. A wanke shi kafin a kashe kuɗi wajen sayen sabon juwan. Haka kuma cika mai fiye da kima yana kawo yoyo.

Kafin a kama hanya

Kowace safiya direba ya zaro sandar awon mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamomi biyu. Ya riƙe galan na mai a mota, irin wanda littafin motar ya faɗa. A hanyoyi masu ƙura, ana juye mai bayan tafiyar kilomita 5.000. Idan jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a tsaya nan take, a kashe inji. Idan kuwa aka ga man ya yi fari-fari kamar nono, ruwa ya shiga cikinsa. A kira makaniki.

Lafiyar jiki ita ce gaba

Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. A tokare ta da katako mai ƙwari, a sa dutse gaban tayoyi da bayansu. Kada a tayar da inji cikin ɗaki rufe, domin hayaƙinsa yana kisa.

Tsohon baƙin mai guba ne. Masana lafiya sun tabbata cewa yawan taɓa shi na iya kawo sankarar fata. A wanke hannu da sabulu bayan aiki. Kada a shafa shi ga miki ko ƙazuwa, na mutum ko na bisa. Mutum ya tafi asibiti, bisa kuma a kai ta wurin ma'aikatan kiwo. Kada a zuba shi kusa da rijiya, ko tabki, ko garka, domin ɗan kaɗan yana ɓata ruwa mai yawa. A tara shi cikin jarka mai murfi, nesa da yara, kuma kada jarkar ta sake ganin ruwan sha ko man abinci.

Jama'a, motar gari amana ce a hannun direba da shugabannin koperatib. A duba ta tun tana tafiya. Rigakafi ya fi magani.