Ƙaramar Hukuma da Jama'arta: Bayani Kan Cunkoson Hanya, Marasa Matsuguni da Aikin Gayya a Jihar Kano

Sau da yawa mutanenmu na karkara kan rasa inda za su kai kuka idan wata matsala ta taso, domin ba su tantance aikin da ke wuyan ƙaramar hukuma da wanda ke wuyan gwamnatin jiha ko ta tarayya ba. Wannan rashin sani yakan sa mutum ya ɓata kuɗin mota da yini guda a ofishin da ba shi da hurumin sauraren maganarsa. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayani kan abubuwa uku da suka shafi rayuwar yau da kullum: cunkoson hanyoyin shiga birni, mutanen da ba su da wurin kwana, da kuma rawar da jama'a ke takawa wajen tafiyar da al'amuran garuruwansu.

Abin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma

Tsarin ƙananan hukumomi na bai-ɗaya ya samo asali ne daga gyaran da aka yi a shekarar 1976. A Nijeriya akwai ƙananan hukumomi 774, kuma Jihar Kano ce ta fi kowace jiha yawa da guda 44, waɗanda aka kasa zuwa mazaɓu 484. Takwas daga cikinsu su ne na ƙwaryar birni da kewayensa: Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo.

Sashe na 7 na kundin tsarin mulki na 1999 ya tanadi cewa zaɓaɓɓun shugabanni ne za su tafiyar da ƙananan hukumomi. Jadawali na Huɗu kuma ya zayyana ayyukansu, waɗanda suka haɗa da kafa tashoshin mota, kasuwanni, mayanka da banɗakunan jama'a tare da kula da su, gina tituna da magudanan ruwa da fitilun kan titi, kwashe shara, bayar da lasin kekuna, amalanke, baro da kwalekwale, rajistar haihuwa, mutuwa da aure, da kuma samar da maƙabartu da gidajen gajiyayyu. Bugu da ƙari, a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu na asusun tarayya kai tsaye, kuma ba a yarda gwamna ya rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantomomi ba. Ma'anar wannan ga talaka ita ce yana da ikon tambayar shugaban ƙaramar hukumarsa da kansilansa yadda aka yi da waɗannan ayyuka.

Cunkoson hanyoyin shiga birni

Ƙidayar 2006 ta nuna Jihar Kano na da mutane fiye da miliyan 9, kuma tun daga lokacin birnin yake ta faɗaɗa yana haɗiye ƙauyukan da ke gefensa. Kowace safiya ma'aikata, 'yan kasuwa, leburori, ɗalibai da masu jinya sukan kwararo ta hanyoyin Zariya, Katsina, Haɗeja, Maiduguri, Gwarzo da Madobi, su nufi wurare ƙalilan kamar Kantin Kwari, Singa, Sabon Gari, asibitoci da sakatariyoyi. Da yamma kuma su juya a lokaci guda. Wannan shi ne tushen cunkoson.

Gwamnatocin jiha da suka gabata sun ɗauki matakai daban-daban. A shekarar 2005 aka shigo da babura masu ƙafa uku a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, wanda daga gare shi suka samo sunansu. A 2012 aka kafa hukumar KAROTA domin kula da zirga-zirgar ababen hawa. A Janairun 2013 aka hana acaɓa a cikin birni bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, abin da ya sa 'yan adaidaita sahu suka yawaita ƙwarai. Daga bisani an gina gadoji irin su ta Ƙofar Nasarawa, ta Dangi da ta Hotoro.

Sai dai gada ba ta maganin motar da ta tsaya tana lodi a tsakiyar titi, ko mai kayan gwari da ya baza hajarsa a bakin kwalta. A nan ne aikin ƙaramar hukuma yake. Idan tasha ta zama fili mara shinge, babu rumfa, babu ruwa, babu banɗaki, fasinja ba zai shiga ba, direba kuwa inda fasinja yake nan zai tsaya. Haka abin yake a ranakun kasuwa a garuruwan da babbar hanya ta ratsa, kamar Wudil ranar Juma'a, inda motocin shanu da na fasinja ke haɗuwa wuri guda. Matakan da ke hannun ƙaramar hukuma su ne ware wurin lodi da sauke kaya nesa da kwalta, cike ramukan tasha kafin damina, mayar da masu kasa kaya cikin kasuwa bayan an tanadar musu gurbi, da zama da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da 'yan kamasho domin a tsayar da doka guda.

Muna tunatar da jama'a cewa duk kuɗin da aka karɓa a tasha ko kasuwa da sunan ƙaramar hukuma dole ne a bayar da rasit. Kuɗin da ba shi da rasit ba ya isa baitulmali, kuma ba zai dawo a matsayin kwalbati ko rumfa ba.

Zirga-zirga ba ta tsaya a kan kwalta kaɗai ba. Hatsarin kwalekwalen da ya auku a madatsar ruwa ta Watari cikin ƙaramar hukumar Bagwai a ƙarshen Nuwambar 2021, wanda ya ci rayuka da dama, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, ya nuna muhimmancin ƙayyade yawan fasinja da tanadar rigunan ruwa a duk inda ake fito.

Marasa matsuguni

Waɗanda ke kwana a tashoshi, ƙarƙashin gadoji, rumfunan kasuwa da kangaye ba iri ɗaya ba ne, don haka magani ɗaya ba zai yi musu duka ba. Akwai 'yan cirani da suka zo neman kuɗi bayan kaka ba su da masauki. Akwai yaran da aka kawo karatun allo ba tare da guzuri ba, wasunsu ma sun rabu da malamansu. Akwai tsofaffi da naƙasassu da ba su da mai kula da su, da masu taɓin hankali, da waɗanda ambaliya, gobara ko rashin tsaro suka raba da gidajensu.

A shekarar 2013 jihar ta yi dokar hana bara a kan tituna, aka kuma sake jaddada hanin a Fabrairun 2020. A wannan shekarar ce, lokacin annobar korona, jihohin Arewa suka yi ta mayar da almajirai garuruwansu na asali. Abin da aka koya shi ne kamawa da mayarwa kaɗai ba sa kawo ƙarshen matsalar: yaron da aka mayar gida, in babu makaranta da abinci a can, zai sake hawa mota ya dawo.

Akwai cibiyoyin jiha da aka tanada, kamar gidan gajiyayyu na Shahuci, gidan yara na Nasarawa da asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Akwai kuma Hukumar Zakka da Hubusi da Hukumar Hisba, waɗanda aka yi dokokinsu a 2003, sannan a 2023 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Amma waɗannan hukumomi ba za su san mabuƙacin da ke lungu ba sai an sanar da su. Hanyar da ta dace ita ce a sanar da mai unguwa, shi kuma ya kai ga dagaci da hakimi, daga nan a miƙa ga sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, wanda zai nemi dangin mutumin ko ya tura shi cibiyar da ta dace. Wanda bala'in ruwa ko wuta ya shafa kuwa, a rubuta sunansa da asararsa da wuri domin a isar ga hukumar agajin gaggawa ta jiha.

Ga iyaye a karkara, muna jan hankali cewa kafin a tura yaro birni a tabbatar da inda zai kwana, wanda zai ciyar da shi, da wanda zai kai shi asibiti idan ya kwanta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye sanya 'ya'yansu a firamare da ƙaramar sakandare, kuma karatun Alƙur'ani a gaban iyaye ba ya hana wannan.

Jama'a da aikin gayya

Tun kafin a san ƙaramar hukuma, mutanenmu sun saba da gayya: a taru a yi wa tsoho noma, a yashe rijiya, a gyara hanyar maƙabarta. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai na yau gadon wannan al'ada suka ci. Su ne ke yashe kwatoci kafin saukar ruwan sama, abin da ke hana ruwa cin titi da rushe gidajen ƙasa. Ke nan aiki guda ya rage cunkoso ya kuma hana wasu rasa matsuguni.

Akwai ƙofofi da dama da mutum zai shiga a dama da shi. Akwai kwamitin kula da makaranta, wanda ya ƙunshi iyaye, malamai da dattawan gari. Akwai kwamitin raya mazaɓa mai sa ido kan asibitin sha-ka-tafi. Akwai kwamitocin tsaro da na sulhu a unguwanni, da aikin tsaftar muhalli na Asabar ɗin ƙarshen wata. Ya kamata a bai wa mata da matasa gurbi a waɗannan kwamitoci, domin su suka fi sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba da yaron da ya daina zuwa makaranta.

Ƙungiyar da ke son a saurare ta sai ta yi rajista a ƙaramar hukuma, ta ajiye littafin shiga da fitar kuɗi, ta rubuta buƙatunta a takarda bisa fifiko, ta miƙa wa kansila kafin a kammala kasafin kuɗin shekara, ta kuma riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Buƙatar da aka faɗa da baki a wurin taro saurin mantuwa gare ta.

Kira ga jami'ai da masu unguwanni

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da su riƙa kiran taron jama'a a mazaɓunsu, su bayyana abin da ya shigo da abin da aka kashe, su kuma liƙa jerin ayyuka a allon sanarwa na sakatariya cikin harshen da jama'a ke ji. Dagatai da masu unguwanni su riƙe rajistar baƙi, tsangayu da gajiyayyun da ke yankunansu. Jama'a kuma su shiga mota a tasha, su karɓi rasit, su fito aikin gayya idan an yi shela. Wanda ke da ƙorafi kan tasha, kasuwa, kwata ko mabuƙacin da aka yasar, ya fara da mai unguwarsa da kansilansa, sannan ya wuce sakatariyar ƙaramar hukumarsa da takardarsa a hannu.