Ɗakin Ƙasa a Osaka

Sankarar hanyoyin matsarmama da ke ratsa hanta cutar tsufa ce, kuma ba kasafai ake ganinta ba. Likita kan gamu da ita jefi-jefi, galibi a jikin wanda ya haura sittin. Shi ya sa hankali ya tashi a Japan a shekarar 2012, lokacin da Shinji Kumagai, masanin lafiyar ma'aikata, ya bayyana cewa ta kama samari da dama a maɗaba'a guda a birnin Osaka. Daga baya adadinsu ya kai 17, ƙaraminsu ɗan shekara 25, babbansu 45.

Aka fara da waɗanda aka saba zargi. A arewa maso gabashin Tailan, tsutsar hanta da ake ɗauka wajen cin ɗanyen kifi ce ke jawo cutar. A wasu wuraren kuma duwatsu ne a hanyoyin matsarmama, ko wani kumburi da ke ƙuntata su sannu a hankali. Waɗannan dalilai ba su bayyana abin da ya faru da samarin nan ba. Abin da ya haɗa su shi ne ɗaki ɗaya.

Ɗakin yana ƙarƙashin ƙasa, iska ba ta fita sosai. Aikinsu buga gwajin launi ne, wato 'yan takardun da ake nuna wa mai kaya kafin a buga dubbai. Nan ne gizo ke saƙa. Mai babban bugu yakan wanke na'ura sau kaɗan a yini. Mai gwaji kuwa, da ya buga 'yan shafuka sai ya goge tawada daga jikin robar na'urar, ya sa wani launi, ya sake gogewa, har dare. Da me ake gogewar? Sinadarai biyu masu saurin tashi a iska: dichloromethane da 1,2-dichloropropane.

Wanne ne mai laifi? Lissafi ya raba gardama. Mutum 11 sun shaƙi duka biyun, amma dukkan su 17 sun shaƙi na biyu, har da waɗanda suka zo bayan an daina amfani da na farko. A 2013 gwamnatin Japan ta amince cutar ta wurin aiki ce, a 2014 kuma hukumar binciken sankara ta duniya da ke Lyon ta sa 1,2-dichloropropane cikin abubuwan da tabbas ke jawo wa ɗan Adam sankara.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da likitan tiyata Shoji Kubo da abokansa suka gano. Tun kafin ido ya yi shawara, gwajin jini kan nuna sinadarin gamma-GTP ya hau, hoto kuma ya nuna wani reshe na hanyar matsarmama ya buɗe. Da aka yanka aka duba a madubin likita, sai ga tabon lalacewa nan da can a tsawon hanyoyin, ba a kullutu ɗaya ba. Ke nan cire ɓangaren hanta, wanda har gobe shi ne babbar hanyar warkewa, bai isa a saki jiki ba.

Ƙwayoyin halittar waɗannan kullutai kuma sun jirkice ninkin-ba-ninkin fiye da na sankarar da aka saba gani. Irin wannan jirkicewa kan tona asirin sankara ga garkuwar jiki, shi ya sa likitocin Osaka suka koma gwada maganin nivolumab ga waɗanda cutar ta dawo musu.