Tazarar da ba ta wuce kaurin gashi ba: yadda ake saita bawul ɗin babur a gida

A Kontagora, garin da Umaru Nagwamatse ya kafa a ƙarni na 19, babur shi ne ƙafar talaka. Da shi manomi ke fito da buhun masara daga ƙauyukan Mariga da Magama, da shi malamin makaranta ke zuwa aiki, da shi kuma ɗan acaba ke ciyar da iyali. Ma'aikata da dama a Abuja suna da irin wannan babur a gida, wanda suka saya wa ƙane ko ɗan uwa domin ya riƙa kawo balas. Tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, kowace lita da inji ya ɓarnatar ta zama asara mai zafi. Ɗaya daga cikin ƙofofin wannan asara ita ce tazarar bawul, wadda mai babur zai iya dubawa da kansa a tsakar gida.

Yawancin baburan da ke yawo a yankin, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, suna da fistin ɗaya da bawul biyu. Ɗaya yana shigar da iska da mai, ɗayan yana fitar da hayaƙi zuwa salansa. Tsakanin kan kowane bawul da ƙarfen da ke danna shi akwai 'yar tazara da aka bari da gangan, domin ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi. A irin waɗannan ƙananan injuna, tazarar takan kama daga milimita 0.05 zuwa 0.10, wato kusan kaurin silin gashi. A Honda CG125, misali, milimita 0.08 ce. Ainihin adadin kowane babur yana cikin littafin da aka sayar da shi tare da shi, kuma shi ne abin bi.

Idan tazarar ta yi yawa, inji yakan riƙa ƙas-ƙas daga sama, ƙarfinsa ya ragu. Wannan ƙara ce ke kai mutane wurin bakanike, wasu kuma sukan nemi a matse har sai ta ɗauke gaba ɗaya. A nan kuskuren yake, domin bawul ɗin da aka matse fiye da kima ba ya rufuwa sosai. Matsin da ke cikin inji sai ya riƙa zurarewa, babur ya ƙi tashi da asuba, ya riƙa mutuwa a tsaye, ya ƙara shan mai. Bawul ɗin hayaƙi kuwa yana sauke zafinsa ne a lokacin da ya zauna daram a mazauninsa; idan bai zauna ba, bakinsa yakan ƙone, sai an kwance kan inji. Saboda haka 'yar ƙara ta fi shirun da ke cin bawul sauƙi.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana, sukudireba ko ƙaramar filaya, tsumma mai tsabta, da ma'aunin tazara, wato siraran ƙarafan nan masu lamba da ake samu wurin masu sayar da kayan gyara. Wasu kan yi amfani da reza a madadinsa, amma kaurinta ba ya sauyawa da buƙatar inji, don haka ba abin dogaro ba ce.

Sharaɗi na farko shi ne inji ya huce sarai, shi ya sa aka fi son a yi aikin da safe kafin a tayar da babur. Sai a kafa shi a kan ƙafarsa ta tsakiya, a goge ƙura, musamman a lokacin hunturu, a cire fulogi da murafen bawul. Daga nan a juya inji da hannu har alamar T da ke jikin magneto ta daidaita da tsagar da ke jikin murfi. A taɓa ƙarafan da ke danna bawul: idan duka biyun suna ɗan motsi, an zo daidai, idan sun ƙame, a sake juyawa zagaye ɗaya cikakke.

Sai a zura ma'aunin da ya dace. Ya kamata ya shige da 'yar turjiya kaɗan. Idan ya ƙi shiga ko ya yi sako-sako, a sassauta noti, a juya sukurun saiti a hankali, a riƙe shi, sannan a ɗaure notin. A sake aunawa, domin ɗaurin kansa yakan sauya saiti.

Idan bayan wannan ƙarar ba ta ragu ba, ko salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, matsalar ta wuce saiti, aikin ya koma hannun bakanike. Ga ma'aikacin da babur ɗinsa ke hannun wani a Kontagora, tambayar da ta dace ya riƙa yi a waya, bayan batun canjin baƙin mai, ita ce yaushe aka auna bawul, kuma da wane ma'auni.