Abin Da Ya Sa Mota Ba Ta Tsayawa Nan Take

Duk macen da ta taɓa ɗauko ruwa a bokiti ta san wannan: in tana cikin sauri ta tsaya farat ɗaya, ruwan ba ya tsayawa tare da ita. Gaba yake yi, ya zubo mata a fuska. Ƙafa ce ta tsaya, ruwa kuwa ba wanda ya tsai da shi.

Wannan abu yana cikin dokoki uku na motsi waɗanda wani masani na Ingila, Isaac Newton, ya rubuta cikin littafin da ya fitar a 1687. Kafinsa Galileo na Italiya ya yi ta gangara ƙwallaye a kan katako yana auna gudunsu. (Newton ya yi nazarin Littafi Mai Tsarki ƙwarai, har aka buga littafinsa a kan annabcin Daniyel da Wahayin Yahaya a 1733, bayan rasuwarsa.) Dokarsa ta fari ta ce abin da ke tsaye zai zauna a tsaye, abin da ke tafiya kuma zai ci gaba da tafiya miƙe, sai wani ƙarfi ya taɓa shi. Haka Mahalicci ya tsara duniya, dokar kuwa ba ta san fasto ba, ba ta san jariri ba.

To, ɗan'uwa mai karatu, sa'ad da kake cikin mota mai gudun kilomita 50 a awa, kai ma gudun da kake yi ke nan, ko da kana gyangyaɗi. In motar ta daki bango ta tsaya, jikinka bai tsaya ba. Zai bugi abin da ke gabansa kamar ka faɗo daga tsawon mita 10.

Iyaye mata, a nan za mu daɗe kaɗan. Da yawa sukan ce, "Ai na rungume yarona, ba inda za shi." A yi lissafi. Yaro mai nauyin kilo 10, mota tana gudun 50, ta yi karo ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa. A wannan ƙiftawar ido yaron zai fizgi hannun uwarsa da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 280, kusan buhun masara uku. Wace uwa ce za ta riƙe wannan? Ba rashin ƙauna ba ne, hannu ne bai kai ba. Saboda haka wurin yaro kujerar baya ne, a ɗaure, ba cinyar mai zaman gaba ba.

Masana suna auna ƙarfin tafiyar abu da nauyinsa sau gudunsa. Tirela mai tan 30 da ƙaramar mota mai tan 1, in gudunsu ɗaya, ƙarfin tafiyar tirelar ya ninka na motar sau 30. Kowane buhu da aka ƙara a kan lodi, da kowane mutum da ya hau saman buhun, ƙarin aiki ne ga birki, balle a gangara. Gudu kuwa ya fi nauyi mugunta: in direba ya ninka gudunsa sau biyu, nisan da birki ke bukata ya ninku sau huɗu. Ga kuma daƙiƙar da takan wuce kafin ƙafarsa ta kai ga birkin. A gudun 100 mota tana cin kusan mita 28 cikin wannan daƙiƙa ɗaya. Yaran da ke tsallaka titi zuwa makarantar Lahadi suna tsammani direba ya gan su, ya isa. Ya gan su mana, amma gani ba tsayawa ba ne.

Dubi magina sa'ad da suke jefa wa juna tubali. Mai cafewa ba ya sandare hannu, yakan bi tubalin baya kaɗan. Yana tsawaita lokacin tsayawar ne, ƙarfin bugun kuwa ya ragu. Aikin bel ɗin mota ke nan: yana ɗan miƙewa, ya kuma raba ƙarfin a kan ƙirji da ƙugu inda ƙashi ke da ƙwari. Wani injiniya na kamfanin Volvo a Suwidin, Nils Bohlin, shi ya ƙirƙiro irin wanda muke ɗaurawa yau, aka fara sa shi a motoci a 1959, kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da dabarar kyauta.

Hular kwano ma haka take. Abin da ke aikin shi ne kumfar nan mai tauri ta ciki, wadda takan lotse ta ba kai ɗan lokacin tsayawa. Amma in ba a ɗaura igiyarta a haɓa ba, dokar nan ta fari za ta hau kanta: babur ya tsaya, hula ta yi nata waje, mai babur ya isa kwalta da kai tsirara. Hular da ta riga ta sha mummunan bugu kuma ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga a bayanta ba, sai a sake wata.