Dafin tetanos: yadda yake kama jijiya ya shige ta

1. Batun kalma

Hausa tana bambanta guba da dafi. Guba ci ake yi ko sha, dafi kuwa ta rauni yake shiga, kamar na maciji ko na kibiya. Faransanci ya haɗa su cikin kalmar toxine idan ƙwayar cuta ce ta samar da su. A nan za mu ce dafi, domin na tetanos ta rauni yake bi. Jijiya kuma, tun da kalmar ta haɗa ta jini da ta saƙo, muna nufin wadda ke kai umurni daga laka zuwa tsoka.

2. Mafarin dafin

Ƙwayar da ke fitar da shi sunanta Clostridium tetani. Nicolaier ya gano ta a ƙasa a 1884, Kitasato ya ware ta a 1889. Irinta yana jure fari shekaru, yana kuma cikin kashin dabbobi. A gundumomin Tasawa da Mayahi, inda ake kai taki gonakin hatsi, ake kuma ɗaure bisashe cikin gida, ba ya da nisa da kowa. Saran hauya, sukar ƙaya, ko cibiyar jariri da aka yanke da reza marar tsabta, duk ƙofa ce. Ƙwayar tana zama cikin raunin, dafinta ne ke tafiya.

3. Matakai huɗu

Dafin furotin ne mai sarƙa biyu a haɗe, babba da ƙarama. Babbar ita ke neman hanya, ƙaramar ita ke ɓarna.

Na farko, kamawa. Babbar sarƙa tana manne wa wani kitse mai sukari da ake kira gangiliyosid, wanda ya yawaita a fatar jijiya, sannan ta riƙe wani furotin na wurin. Montecucco ya kawo wannan ra'ayi na riƙo biyu a 1986. Shi ya sa dafin yake wuce sauran sassan jiki ya zaɓi jijiya.

Na biyu, shiga. Fatar jijiyar tana lotsawa ta naɗe dafin cikin ƴar jaka, kamar yadda take ɗaukar kayan amfaninta.

Na uku, tafiya. Jakar tana bin jijiyar baya-baya har laka. Can dafin yake tsallakawa cikin wasu ƙananan jijiyoyi masu aikin linzami, waɗanda ke ce wa tsoka ta saki. A cikinsu ruwan jakar yana yin tsami, sai babbar sarƙa ta huda jakar, ƙaramar ta fito.

Na huɗu, yanka. A 1992 Schiavo da Montecucco da abokan aikinsu, a Padowa ta Italiya, sun nuna cewa ƙaramar sarƙa almakashi ce mai datse furotin sinaftobirebin, wanda in ba shi saƙon saki ba ya fita. Linzami ya tsinke ke nan: haƙora su datse, wuya ya sandare, baya ya lanƙwashe. Jariri yakan daina kama nono tsakanin kwana 3 da 14, galibi dab da ranar suna.

Dafin botilism, wanda ake ci a ruɓaɓɓen abinci, don haka guba ce, yana shiga ta irin wannan hanya, amma yana tsayawa a bakin tsoka, sai jiki ya saki maimakon ya sandare.

4. Abin da ya kamata a faɗa wa jama'a

Maganin karya dafi da ake yi a gidan likita yana kama wanda bai shiga jijiya ba ne kawai. Wanda ya riga ya shige, sai jiran jijiya ta gyara kanta, makonni ke nan. Rigakafi kuwa, wanda Ramon da abokan aikinsa suka daidaita a Cibiyar Pasteur a shekarun 1920, yana sa jini ya tare dafin tun kafin mataki na farko, kuma garkuwar mai ciki tana ratsawa zuwa ga ɗanta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutuwar jarirai 787,000 a 1988, da kusan 25,000 a 2018. A 2016 ta tabbatar da cewa Nijar ta sauka ƙasa da jariri 1 cikin 1,000 a kowace gunduma. Amma irin ƙwayar yana nan cikin ƙasa. Saboda haka muke ba masu fassara saƙon lafiya shawara su ce dafi: duk manomi ya san dafi gaggawa yake so, kuma tare shi ya fi bin sa.