Ƙarancin Bitamin E da Haihuwar Namiji

An fara gano bitamin E ne ta dalilin haihuwa. A 1922, Herbert Evans da Katharine Bishop na Jami'ar Kalifoniya sun lura cewa ɓerayen da aka ɗora kan wani abinci na musamman suna ɗaukar ciki, amma cikin yakan lalace. Da aka ƙara musu latas ko tsiron alkama, sai haihuwa ta dawo, saboda sinadarin da ke cikinsu, wanda daga baya aka kira bitamin E. Ɓarnar ta fi muni a wurin mazan ɓerayen, domin sassan maraina masu ƙera maniyyi lalacewa suke yi, ba kuma sa farfaɗowa.

Dalilin yana cikin halittar ƙwayar maniyyi. Fatar da ta lulluɓe ta cike take da wani irin maiƙo mai saurin lalacewa, kamar yadda man gyaɗa ke ɓaci idan ya daɗe a buɗe. Bitamin E na zama cikin wannan maiƙo yana kare shi. Idan kariyar ta yi rauni, motsin ƙwayar yakan ragu.

Sai dai mutum ba ɓera ba ne. Babba na buƙatar miligiram 15 a rana, ana kuma samun sinadarin a gyaɗa, man gyaɗa, manja, alayyafo da fiya. Ƙarancinsa na gaske ba kasafai yake kama mai lafiya ba. An fi ganinsa a jikin bakwaini da waɗanda hanjinsu ba ya tsotsar maiƙo saboda ciwon hanta, matsarmama ko hanji, kuma alamunsa a jijiyoyi suke bayyana: tangaɗi wajen tafiya da raunin gaɓoɓi.

Ga ƙwayoyin bitamin E da ake saye a kemis kuwa, hujja ba ta yi ƙarfi ba. Wasu ƙananan bincike sun ga ƙaruwar motsin maniyyi, amma gwajin MOXI da aka buga sakamakonsa a Amurka a 2020, wanda ya ba maza bitamin E haɗe da wasu sinadarai, bai ga ƙarin haihuwa ba. Yawan sha ma yana da haɗari: binciken SELECT ya bayyana a 2011 cewa masu shan sa kullum sun fi kamuwa da dajin furostet da kashi 17 cikin ɗari.

Abin takaici ne magidanci ya shekara yana haɗiyar ƙwaya, ana ɗora wa matarsa laifin rashin haihuwa, alhali sanadin yana iya zama kumburin jijiyoyin maraina, tsohon ciwon sanyi, ko hangum da ya sauka maraina bayan balaga. Matakin farko shi ne gwajin maniyyi a asibiti, kuma likita kan nemi a maimaita shi bayan kimanin wata uku, tunda jiki na ɗaukar kusan kwana 74 kafin ya ƙera sabbin ƙwayoyi.